Ciwon Ƙugu da Malamin Bakin Iyaka: Jawabi ga Taron Reshen Jibiya



Kaɗan ne a cikinmu ba su san ciwon ƙugu ba. Mukan wuni tsaye a gaban allo, mu sha jijjigar babur zuwa makarantun ƙauye, da dare kuma mu duƙufa a kan tabarma muna duba littattafan yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da shi a 2020, saboda haka ba mu kaɗai ba ne.

Damuwarmu ita ce yadda muke neman sauƙi. A nan bakin iyaka, inda kaya da jama'a ke ratsa Magama zuwa Maraɗi, ƙwaya ba ta wuyar samu a hannun 'yan talla, har da tiramol. Ƙa'idojin da hukumar ta fitar a Disambar 2023 sun yi hani da amfani da irin wannan ƙwaya don ciwon ƙugu mai daɗewa, domin tana kama mutum har ya kasa rabuwa da ita. Ko ibuprofen da diclofenac, waɗanda ke taimakawa na 'yan kwanaki, suna iya cutar da mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu.

Mafi yawan ciwon ƙugu yakan lafa cikin makonni shida, kuma motsi ne ke gaggauta hakan. Doguwar kwanciya sai ta ƙara sanƙarar da jiki. Mu riƙa tattaki kaɗan-kaɗan, ko da daga gida zuwa masallaci. Mu cika gora da ruwan ɗumi, mu naɗe ta da tsumma, mu ɗora a ƙugu na minti 15 zuwa 20. In za mu kwanta, mu kwanta ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi. Duba littattafai kuwa ya koma kan tebur, muna miƙewa duk bayan rabin awa. Jarkar ruwa, a tsuguna a rungumo ta kusa da jiki, kada a sunkuya a fizgo.

Amma akwai inda maganin gida bai kai ba. Idan ƙafa ta fara mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya daina ji, ko fitsari da bahaya suka ƙwace ko suka tsaya, a garzaya Babban Asibitin Jibiya a ranar. Haka in ciwon ya zo da zazzaɓi, rama da zufar dare, domin tarin fuka yakan kama ƙashin baya.