KWALEJIN AIKIN GONA TA HAƊEJIYA: TARIHINTA DA HAƘƘIN DA KE WUYANMU

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da ruwa daga sama Ya raya ƙasa da shi bayan mutuwarta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Maudu'in da aka ɗora mana shi ne tarihin babbar makarantar nan ta garin Haɗejiya, wadda aka sani a da da Kwalejin Aikin Gona, a yau kuma ake kiranta Foliteknik ta Binyaminu Usman. Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa masu da'awar Sunna da makarantar koyon taki da iri da kiwon dabbobi? Amsar wannan tambaya ita ce rabin laccar tamu, don haka muna roƙon a ba mu aron kunne har ƙarshe.

Za mu faro daga nesa kaɗan. A watan Afrilu na 1906 ne rundunar Turawan Ingila ta auka wa birnin Haɗejiya, Sarki Muhammadu da jama'a masu yawa suka yi shahada a cikin gari, Allah Ya jiƙansu da rahama. Mutanen da aka ci da yaƙi irin wannan, ba abin mamaki ba ne idan sun yi ƙyamar duk abin da ya fito daga hannun wanda ya ci su, har da makarantarsa. Ba mu ga laifin kakanninmu ba, domin sun yi hukunci ne da abin da idonsu ya gani. Sai dai ƙyamar ta daɗe fiye da dalilinta, kuma ita ce ta sa muka makara. Turawa sun buɗe Kwalejin Katsina tun farkon shekarun 1920. An kafa Makarantar Shari'a ta Kano a 1934 a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci, kuma a cikinta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi (Allah Ya yi masa rahama) ya yi karatu. Binciken aikin gona kuwa, cibiyarsa tana Samaru ta Zariya, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Duk tsawon wannan zamani, ɗan Guri ko ɗan Birniwa da ke son ilimi mai zurfi sai ya niƙa gari ya nufi Kano ko Zariya, idan mahaifinsa yana da hali ke nan.

Al'amari ya canja ranar 27 ga Agusta, 1991, sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Jigawa daga cikin Jihar Kano. Sabuwar jiha ta tashi ba ta da jami'a ko ɗaya. Abin da ta gāda mai ƙwari shi ne Kwalejin Ilimi ta Gumel. Sai aka kafa foliteknik ta jiha, aka rarraba kwalejojinta a garuruwa huɗu: aikin injiniya a Kazaure, kasuwanci da sha'anin mulki a Dutse, Shari'a da ilimin addinin Musulunci a Ringim, aikin gona a Haɗejiya. Daga baya kowace ta kama gabanta. Ta Kazaure Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 2007 da sunan Husaini Adamu. Ta Haɗejiya ta tsaya da ƙafarta, aka sa mata sunan Binyaminu Usman, sa'annan aka ɗaga darajarta zuwa cikakkiyar foliteknik, aka shigo da fannonin kimiyya da fasaha da na kasuwanci a gefen aikin gona. A tsakanin haka Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011, jami'ar jiha kuma ta zo Kafin Hausa a 2013, wato cikin wannan masarauta tamu, ita ce Jami'ar Sule Lamido a yanzu.

Mu dakata a kan wancan rabo na farko. Ringim ta sami Shari'a, Haɗejiya ta sami noma. Ga ma'aikacin gwamnati wannan rabon arziki ne tsakanin masarautu, kuma ba mu ce an yi kuskure ba. Amma illar da ta biyo baya, wadda ba a Jigawa kaɗai take ba, ita ce mai karanta babin zakkar amfanin gona yana wani gari, mai karanta yadda amfanin gonar yake fitowa yana wani gari, ba su haɗuwa sai a gidan biki. Malami yana ba da fatawa a kan noman rani bai taɓa ganin yadda ake auna ruwan magudana ba. Malamin gona yana koya wa manomi yadda zai ninka amfaninsa, bai san haƙƙin Allah nawa ne a cikin buhunan ba.

To me ya sa noma ya faɗo wa Haɗejiya? Wanda duk ya san ƙasar ba zai yi wannan tambaya ba. Kogin Kano da Kogin Calawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗejiya, shi kuma idan ya iso nan sai ya rarrabu a cikin yashi da fadamu, ya malale ƙasa mai faɗi har zuwa Nguru, kafin ruwansa ya sadu da na Jama'are a wajen Gashuwa su nufi Tafkin Cadi. A kan wannan malala kakanninmu suka gina rayuwarsu. Ruwa ya zo a noma shinkafa, masunta su kama kifi. Ruwa ya janye a shuka wake da sauran amfanin fadama a cikin laimar da ya bari, sa'annan makiyaya su sauko da shanunsu su ci abin da ya saura. Sana'a uku a fili ɗaya, kowa da lokacinsa, babu takarda babu lauya.

Wannan tsari shi ne ya rikice a zamaninmu. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, an kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are a 1976, an kammala madatsar Calawa a 1992, kusan lokaci guda da haihuwar kwalejin da muke magana a kanta. Madatsun sun kawo alheri, sun shayar da birnin Kano, sun ba da noman rani a Kadawa da Auyo. Amma sun canja ɗabi'ar kogin. A da kogi yana cika da damina ya ƙafe da rani. Yanzu ruwa yana gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, kuma irin wannan ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa shi ne abin da ciyawar kacala take so. Kacala ta yaɗu ta tare hanyoyin ruwa, laka da yashi suka taru a gindinta, hanyoyi suka toshe. Sai ruwa ya karkata ya yi yawa a hanyar Marma da ke nufar Nguru, yana cinye gonaki da gidaje, alhali hanyar Burum Gana tana fama da ƙaranci. Cikin kacalar nan kuma tsuntsayen jan-baki suke samun maɓoya, su fito su share gonar gero ko ta shinkafa, ga sauro, ga katantanwar da ke yaɗa tsargiya. Ambaliyar 2018 da ta 2020 da ta 2022 kuwa, mutanen Auyo da Kaugama da Kiri Kasamma da Guri ba su bukatar mu ba su labari.

Ya 'yan'uwa, a nan ne maganar aƙida ta shigo. Mun yi imani cewa babu abin da ke samun bawa sai da ƙaddarar Allah, amma Wanda Ya ƙaddara musiba Shi ne Ya halicci sababinta, kuma Ya umurce mu da riƙo da sababi. Idan jama'a ba su san dalilin toshewar kogi ba, akwai masu jiran su ba su wani dalili: a ce iskokin ruwa ne suka yi fushi, a kawo baƙin bunsuru a yanka a bakin gulbi. Wannan shirka ce tsagwaronta, kuma mun sha faɗa a kan mumbari. Amma mun lura cewa wa'azi ya fi shiga idan a bayan mai wa'azi akwai wani yaro ɗan garin da ya yi difloma, wanda zai ɗauki sanda ya zana wa dattawa a ƙasa yadda laka ta rufe bakin hanya, da inda ya kamata a yashe. Boka ba ya cin kasuwa a inda aka san dalili.

Malaman Musulunci sun daɗe da tabbatar da cewa duk ilimin da rayuwar al'umma ba ta tsayuwa sai da shi, kamar likitanci da lissafi da noma da saƙa, neman sa farali ne na kifaya: idan wasu suka tsaya da shi ya faɗi a kan saura, idan aka rasa mai tsayawa kowa ya yi laifi. Imamu Gazali ya yi bayanin haka a cikin Ihya'u. Ƙissar Annabi Yusufu (A.S.) ta ishe mu misali, yadda ya tsara noman shekara bakwai da ajiyar hatsi a cikin zangarniyarsa, har Allah Ya kuɓutar da Masar daga yunwa ta hannunsa. A ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ya kafa ribaɗoɗi, ya zaunar da jama'a ya kwaɗaitar da su ga noma da sana'o'i, ya kuma yi rubuce-rubuce a kan magani. Saboda haka masu cewa karatun gona karatun duniya ne kawai, su sake duba littattafansu.

Ga misali ɗaya da zai nuna bukatar haɗa ilimin biyu. Nisabin zakkar hatsi wusuƙi biyar ne, wato sa'i 300. Abin da ruwan sama ko malalar kogi ta shayar, ana fitar da ɗaya bisa goma. Abin da aka shayar da wahala da kashe kuɗi, kamar jigo a da, ko injin ban-ruwa a yau, ɗaya bisa ashirin. To manomin da ya dasa shinkafa da inji sa'annan ruwan sama ya ƙarasa masa fa? Wanda yake biyan kuɗin ruwan magudana a Auyo, inda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin ban-ruwa na Kwarin Haɗejiya a watan Janairu na 2023 fa? Tattasai da tumatir da albasa, waɗanda a mazhabar Imamu Malik babu zakka a kansu su da kansu, alhali Imamu Abu Hanifa yana ganin akwai fa? Haka bashin taki da ake bayarwa da rani a karɓi buhu da kaka, wanda sau da yawa riba take ɓuya a cikinsa. Waɗannan mas'aloli ba za su warwaru yadda ya kamata ba sai mai fiƙihu ya zauna da mai ilimin gona.

Yanzu ga damuwarmu, kuma za mu faɗe ta ba tare da kwana-kwana ba. Ɗaga kwaleji zuwa foliteknik ci gaba ne, mun yi murna da shi. Amma abin da aka saba gani a ƙasar nan shi ne, da zarar makarantar gona ta buɗe sashen kasuwanci da na kwamfuta, sai ɗalibai su yi can, azuzuwan noma su zama na waɗanda suka rasa gurbi a wani wuri. Laifin ba na hukumar makaranta ba ne kamar yadda yake namu, mu iyaye. Mu ne muke ce wa yaro, ban sa ka boko don ka koma gona ba. Sai ya karanta sha'anin mulki ya dawo yana yawo da takarda a aljihu shekara biyar, gonar ubansa kuma kacala na ci. Ƙananan hukumomi takwas ne a masarautar Haɗejiya. Kujeru nawa ne a sakatariyoyinsu da za su ɗauke duk 'ya'yanmu?

Ga ɗalibanmu da ke cikin makarantar, nasiharmu ita ce ku tsare salla a kan lokacinta, ku nisanci satar jarrabawa domin ha'inci ce, kuma wanda ya ci jarrabawar maganin dabbobi da sata, saniyar talaka zai kashe. Ranar aikin fili kada ku ɓuya a masallaci da sunan ibada. Ga 'yan'uwa mata, babu abin da ya hana mace mai hijabi koyon kiwon kaji da kifi da sarrafa abinci, musamman da yake matan karkara, waɗanda kiwon awaki da turara shinkafa ke hannunsu, sun fi sakewa da mace 'yar'uwarsu.

Ga rassanmu kuma muna da shawara wadda ba ta fi ƙarfinmu ba. Kowane reshe, daga Malam Madori har Birniwa, ya zaɓi yaro ɗaya mai hazaƙa daga makarantar Islamiyyarsa ya ɗauki nauyin karatunsa a fannin noma ko kiwo ko kifi, daga abin da ake tarawa na taimako, da sharaɗin zai dawo ya yi wa garinsu aiki. Kwamitin wa'azi kuma ya riƙa tafiya da ɗaya daga cikin waɗanda suka kammala idan za a fita ƙauye, a ba shi minti goma bayan malam ya gama. Sa'annan muna roƙon malamanmu na fiƙihu su shirya zama da malaman gona kafin girbin shinkafar rani, a fitar da 'yar takarda da Hausa da ajami a kan zakkar noman rani, a raba a masallatan Juma'a.

Allah Ya sa albarka a gonakinmu da kogunanmu, Ya kare mu daga ambaliya da fari, Ya shiryi zuriyarmu.