Rigakafi: Tilas ko Yarda?

(Jawabi ga wakilan ikilisiyoyin ƙauyukan Dutse da kewaye)



Duk ƙauyen da muka shiga, tambaya ɗaya muke sha: in rigakafin nan alheri ne, me ya sa ake tilastawa? Tambaya ce mai kyau, kuma tana da tushe.

A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Cikin yara 200 da aka sa a gwajin, 11 suka mutu. Ba rigakafi ba ne, amma daga nan zukatan iyaye suka cika da zargi. A 2003 jita-jita ta bazu cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa, har Jihar Kano ta dakatar da shi. Sai a watan Yuli na 2004 aka ci gaba, bayan an gwada maganin, an kuma samo shi daga Indunusiya. Su wa suka sha wahalar? Yara. A 2006 fiye da yara 1,000 ne shan inna ta kama a Najeriya.

Ku lura, ba 'yan sanda ne suka juya al'amarin ba. Sarakuna, masu unguwanni, malamai, fastoci da mata masu bi gida gida su ne suka zauna da iyaye har suka yarda. A Agusta 2020 aka tabbatar cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna.

A shekarar ce kuma korona ta zo. Dukanmu mun tuna: an rufe makarantu, an taƙaita taro a majami'a da masallaci, mai akuyar sayarwa ya rasa kasuwa. Daga Disamba 2021 gwamnatin tarayya ta ce ma'aikatanta su nuna katin rigakafi ko takardar gwaji kafin su shiga ofis. Waɗanda suka yi gunaguni ba mahaukata ba ne. Doka ba tare da bayani ba, zargi take haifarwa.

Amma 'yan'uwa, fushinmu da hukuma kada ya sauka a kan jariri. A 2023 mashaƙo ya kashe ɗaruruwan mutane a arewa, yawancinsu yaran da ba a yi musu allura ba, har da nan Jigawa ya shigo. Rigakafinsa kuwa kyauta ne a asibitin gwamnati: sati 6, sati 10, sati 14. Na ƙyanda kuma a wata 9.

Roƙonmu uku ne. Mai shakka ya tambayi ma'aikacin lafiya a fili, haƙƙinsa ne a ba shi amsa. Maigida ya ba uwargida izini da kuɗin mashin. Zumuntar mata kuma ta duba katin kowane jariri bayan sujada ran Lahadi, kada ko ɗaya ya tsallake.

Allah ya raya mana su.