Darasi Daga Ƙananan Coci-Cocin Yelwan Bauchi

 

An nemi mu faɗi wani abu a kan aikin taimakon kai da kai. To, mu 'yan kasuwa ne, karatunmu na Islamiyya ne, abin da ido ya gani shi muka iya faɗa. Misalin da muka kawo kuwa daga gida yake, wato Bauchin Yakubu, amma ba daga masallaci ba. Daga coci ne. Muna roƙo a yi haƙuri a saurare mu har ƙarshe, domin malamai sun koya mana cewa ilimi duk inda mumini ya same shi nasa ne.

Duk wanda ya san Bauchi ya san cikin ganuwa garin Musulmi ne tun lokacin da Malam Yakubu, mai tutar Shehu Usmanu, ya kafa shi. Amma in ka bi hanyar Dass ka isa Yelwa, kusa da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, za ka tarar da unguwanni irin su Yelwan Tudu da Kagadama inda Kirista suke da yawa. Akwai Sayawa, akwai Jarawa, akwai Angasawa da mutanen Tangale, akwai Ibo. Yawancinsu aiki ko karatu ko fatauci ya kawo su, musamman bayan da Bauchi ta zama hedkwatar jiha a 1976. Kun ga ke nan matsayinsu a can ya yi kama da namu a nan Sabo, su ne 'yan kaɗan a cikin masu yawa.

Sun kuma ɗanɗana abin da ɗan kaɗan yake ɗanɗana. A watan Afrilun 1991 rikicin da ya tashi a Tafawa Ɓalewa a kan maganar nama ya bazu har cikin Bauchi, aka yi asarar rayuka da dukiya ta kowane ɓangare. A watan Yunin 2012 ɗan ƙunar baƙin wake ya kai hari a wani coci a Yelwa, a watan Satumba na shekarar aka sake kai wani a babban cocin Katolika na St. John. Mu da muka ga abin da ya faru a Shagamu a 1999, da kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, ba sai an bayyana mana irin wannan fargaba ba.

Ba manyan coci masu lasifika da motoci muke nufi ba. Muna nufin ƙananan nan na cikin lungu, masu rufin kwano da bencin katako, inda ake addu'a da Hausa. Da yawansu na ECWA ne, wadda ta fito daga mishan ɗin SIM ta tsaya da ƙafarta a 1954, ko na COCIN mai hedkwata a Jos. Jama'arsu masu gadi ne, da malaman firamare, da 'yan acaɓa, da mata masu sayar da kayan miya a kasuwar Wunti ko Muda Lawal. Babu attajirin da ya ɗauke musu nauyi. Duk da haka da wuya ka ga nasu ya kwana a asibiti ba mai duba shi.

Yaya suke yi? Abu na farko, kuɗi a rubuce. Ranar Lahadi kowa yana jefa abin da suke kira baiko, komai ƙanƙantarsa. Ba mutum ɗaya ke ƙirgawa ba, akwai ma'aji, akwai sakatare, kuma lokaci lokaci ana karanta lissafi a gaban jama'a, ga abin da ya shigo, ga inda ya tafi. In kaka ta yi, manoma a cikinsu sukan kawo hatsi na godiya, a ware wa marayu da matan da mazansu suka rasu. Mu 'yan kasuwa mun sani, inda ake buɗe littafi nan hannu yake sake wa.

Abu na biyu, mata. Suna da ƙungiya da ake kira Zumuntar Mata, masu anko. Su ne suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba, su ne masu zuwa dubiya da barka da ta'aziyya, su ne masu adashin da ake ba wata jari ta fara tuyar ƙosai. Namiji yana kasuwa, ba zai san wadda ta kwana uku ba ta fito ba. Mace maƙwabciya ita za ta sani.

Abu na uku shi ne ya fi damun mu, wato tsaya wa wanda aka zalunta. In an kama yaronsu, dattawan ikilisiya ba su jira gari ya waye, za su tafi caji ofis su tsaya masa, su tambayi laifinsa, su tunatar cewa beli kyauta ne a doka. Suna kuma ziyarar gidan yari, wanda tun 2019 ake kira gidan gyaran hali, inda fiye da rabin waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Katolika ma ofis guda suka ware wa wannan aiki, ana kiran sa JDPC, wato hukumar adalci da ci gaba da zaman lafiya. Tushenta daga hukumar da Fafaroma Paul na shida ya kafa a Rum a 1967, yau kuma kusan kowane yankin bishop a Nijeriya yana da ita. Ƙaramin coci ba shi da lauya, amma ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Mun san abin da wasu ke faɗa a zuci, cewa ai suna yi ne don jawo mutane zuwa addininsu. Gaskiya ne yaɗa addini yana cikin niyyarsu, su ma ba su ɓoye ba. Tun shekarun 1930 da mishan suka riƙe asibitocin kutare a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato ake wannan magana. To, amma wa ya hana mu? Mu da aka ɗora wa zakka farilla, aka kwaɗaitar da mu sadaka da waƙafi, aka tsananta mana haƙƙin maƙwabci ko da ba Musulmi ba ne? Ba kyauta muka rasa ba, jama'a. Bahaushe ya fi kowa sakin hannu. Tsari muka rasa. Sadakarmu tana ƙarewa a ƙofar masallaci ranar Juma'a, wanda ya fi ƙarfin murya ya samu, mai kunya ta kwana da yunwa a ɗaki.

Sabo ta kafu tun 1916, kuma iyayenmu suna da nasu tsarin. Fatake masu goro da shanu a gidan maigida suke sauka, shi ke ba su masauki, shi ke tsaya musu a wajen ciniki, in rigima ta taso shi ke kai magana gaban sarki. Wannan tsari ya yi rauni, ga yaranmu suna ta kwararowa daga gida, masu babur da masu gyaran takalmi da masu tura ruwa, ba su da maigida. In aka yi kame, wani sai ya yi watanni a tsare ba wanda ya san sunan ƙauyensu.

Saboda haka ga abin da muke roƙon wannan taro. A buɗe littafi a kowane masallacin unguwa, a rubuta marayu da tsofaffi da marasa lafiya, a riƙa karanta lissafin asusu a fili duk wata. A ba iyayenmu mata nasu kwamiti da nasu kaso, kada a tsaya a kan girkin walima kawai. A zaɓi dattawan da za su riƙa zuwa caji ofis da kotu, su san hanyar ofishin Hukumar Ba Da Lauya Kyauta da gwamnati ta kafa tun 1976 domin talaka. Taimakon kuma kada ya tsaya a kan Bahaushe, in maƙwabcinmu Bayarabe ya shiga uku mu je, domin ranar tashin hankali wanda ka taɓa yi wa rana shi ke buɗe maka ƙofa.

Sannan masu zuwa gida da salla, mu ja kunnen 'yan'uwanmu. Yadda muke so a riƙe mu amana a nan Kurmi, haka mutanen Yelwa suke so a riƙe su a Bauchi. Sahabbai ma da suka yi hijira Habasha, a hannun sarki Kirista suka sami mafaka.

Allah ya ba mu ikon aikatawa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum.