Gidan Da Shekisfiya Ya Tashi: Abin Da Maziyarci Ke Gani



Da yawa daga cikinku sun sha fama da littattafan Wilyam Shekisfiya a makarantar sakandare, waɗansu kuma sun karanta Daren Sha Biyu, watau fassarar da Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa ɗaya daga cikin wasanninsa. To, yau ba wasannin zan taɓa ba. So nake in kai ku gidan da ya tashi, a garin Sitiratfod da ke bakin kogin Avon a tsakiyar Ingila, in gaya muku abin da idona ya gani da kuma abin da ya dame ni bayan na fito.

Gidan yana kan titin Henley. Wanda ya tafi da zaton zai ga fada, lalle zai sha mamaki, don kuwa gini ne madaidaici. An kafa ginshiƙan itace, aka kitsa tsumagu a tsakaninsu, sa'an nan aka yaɓe da laka. Da na dubi bangon sai na ce a raina, ashe dai su ma da yaɓe suka fara. Mahaifinsa, John Shekisfiya, baduku ne mai ɗinka safar hannu, yana kuma jima, yana taɓa cinikin ulu. Mu da bagaruwa muke jima, shi kuwa da alif da gishiri yake yi, don fatar ta fito fara da laushi. Ɗakin aikinsa a cikin gidan yake, kuma an shirya shi da fatu da kayan aiki irin na lokacin. Duk wanda ya taɓa ratsa unguwar majema ya san irin warin da yaron ya tashi a cikinsa, ko da yake wannan kam ba a nuna wa baƙi.

Wani abin ban dariya shi ne, hujjar farko da ta nuna John ya zauna a wannan titi takardar tara ce. A 1552 aka ci shi tarar sule ɗaya saboda ya tara juji a bakin hanya. Daga nan arziki ya yi ta haɓaka, har a 1568 ya zama shugaban majalisar gari. Bayan haka kuma sai duniya ta juya masa baya: bashi ya kama shi, ya daina zuwa majalisa, aka cire shi a 1586, har a 1592 aka sa sunansa cikin waɗanda ba sa zuwa coci don tsoron kada masu bin bashi su sa a kama su. Ina roƙon ɗalibai su riƙe wannan. Yaron da ya ga ana tashi tsaye in ubansa ya shigo, daga baya ya ga uban yana laɓewa, ba ya bukatar malamin da zai koya masa yadda mulki ke suɓucewa. Wannan fahimtata ce, ba hujja ba, amma wanda ya karanta wasanninsa na sarakuna zai gane abin da nake nufi.

A bene akwai ɗakin da ake ce wa nan aka haife shi. A nan ne na fara ja da baya. Abin da ke rubuce shi ne an yi masa baftisma ran 26 ga Afrilu 1564, a shekarar da annoba ta kashe mutum fiye da 200 a garin. Ranar haihuwar kuwa, da ɗakin, duk al'ada ce ta tsayar da su. Gado da kujeru da akwatunan da ke ciki ba na iyalin ba ne. An samo irin na zamanin ne aka jera. Ba na ganin laifin wannan, muddin dai an faɗa wa baƙo gaskiya, kuma an faɗa mini. Da ba haka abin yake ba. Bayan bikin da ɗan wasa David Garrick ya shirya a garin a 1769, baƙi suka fara tururuwa, masu tsaron gidan kuma suka shiga nuna kayayyaki iri iri suna cewa na marigayin ne. Marubucin nan na Amurka, Washington Irving, ya ziyarci gidan a 1815, ya kuma yi wa wannan ciniki ba'a a rubuce. Baƙin su ma ba su zauna haka nan ba, sun yi ta karce sunayensu a gilashin taga, cikinsu har da Walter Scott da Thomas Carlyle. Abin da a yau za a kira ɓarna, shi ne kuma aka adana ana nunawa.

Kada ku zaci Turawan Ingila sun san darajar gidan tun farko. Wani sashe nasa ya zama masauƙin baƙi da mashaya, wani ya zama shagon mahauci. Sai a 1847, da aka sa shi gwanjo, kuma jita-jita ta bazu cewa wani Ba'amurke mai suna Barnum zai saye shi ya kwashe zuwa ƙasarsu, sa'an nan aka farga. Aka kafa kwamiti, aka yi karo-karo, Charles Dickens na cikin waɗanda suka taimaka, aka saye shi a kan fam 3,000, watau shekara 231 bayan rasuwar mai shi. Daga 1857 zuwa 1864 aka yi masa gyara mai yawa, aka rushe gidajen maƙwabta don gudun gobara. Saboda haka gidan da ke tsaye shi kaɗai cikin lambu ba haka Shekisfiya ya san shi ba. A zamaninsa jingine yake da gidajen wasu. Babban gidan da ya saya da kuɗin wasa a 1597 kuwa, bai sami wannan gata ba. Wani limamin coci da ya mallake shi ya sare itacen da ke lambun don baƙi sun dame shi, sa'an nan ya rushe gidan ƙurmus a 1759. Fili na tarar a wurin.

To, ga abin da ya dame ni. A gidan nan babu takarda ko ɗaya ta wasa da ya rubuta da hannunsa. Da abokan aikinsa biyu ba su tattara wasanninsa 36 sun buga a 1623 ba, da kimanin rabinsu sun salwanta, da kuma gidan baduku ya tafi yadda na maƙwabta suka tafi. Littafin ne ya ceci gidan.

Mu ma muna da marubutan wasa. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni, kuma gidansa na Mambayya ya tsira, yana hannun Jami'ar Bayero, ko da yake siyasa ce ta tsirar da shi, ba wasa ba. Amma ina tambayar ɗaliban Hausa da ke zauren nan: wa ya san gidan da Shu'aibu Maƙarfi, mai Jatau Na Kyallu, ya tashi? Wa ya je ya tambayi inda takardunsa suke? Ginin ƙasa ba ya jiran shekara ɗari biyu. Damina biyar ba yaɓe ta isa. Ma'aikatan da ke nan kuma, ku ne kuke sa hannu a takardar faɗaɗa titi. Kafin ku sa, ku aika a tambayi mai unguwa gidajen su wa za a rushe.