Launin Zane Daga Ƙasa Da Itatuwan Bauchi

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a jawo hankalin masu zane, da malaman makarantu, da iyayen yara, ga wani arziki da ake takawa kullum ba a lura da shi ba. Galibin fentin da masu zanen hoto na zamani ke aiki da shi daga ƙasashen waje ake shigo da shi, kuma kuɗinsa yakan fi ƙarfin ɗalibi. Sau da yawa yaro mai basira yakan ajiye buroshi saboda tsada. Alhali kuwa ƙasar Bauchi da itatuwanta cike suke da launi. Abin da ya rage shi ne sanin yadda za a fitar da shi, a sa shi ya daɗe, kuma kada ya cuci kowa. Wannan kuwa aikin ilmin sinadarai ne, watau kemistiri.

SHAIDA DAGA DUWATSU

A Shadawanka, nan gefen birnin Bauchi, da Dutsen Zane na Geji a ƙasar Toro, da kuma Shira, akwai hotunan da mutanen dā suka zana a jikin duwatsu, galibi na shanu, kuma galibi da jan launi. Shekaru aru-aru sun wuce, amma har yau ana ganinsu. Wuraren suna cikin kayan tarihi na ƙasa da ke hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979.

Dalilin daɗewar irin wannan launi a fili yake. Abin da ke sa ƙasa ta yi ja tsatsar ƙarfe ce, abin da ya riga ya yi tsatsa kuwa iska ba ta da sauran abin da za ta yi masa, rana ma ba ta koɗar da shi. Ƙasa mai ruwan ɗorawa ita ma tsatsa ce, sai dai akwai ruwa ɗaure a jikin sinadarinta. Idan aka gasa ta a wuta, ruwan ya fita, sai ta koma ja. Ke nan daga ƙasa guda mai zane yana iya samun launi iri-iri, gwargwadon zafin da ya ba ta. Ga kuma farar ƙasa, wadda ake haƙa da yawa a Alkaleri, ga baƙin kunkunniya da gawayi.

ILMIN MASU SANA'A

Masu sana'o'in gargajiya sun daɗe suna aiki da kemistiri ba tare da sun kira shi da wannan suna ba. Magina na zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Gidan Madaki a Kafin Madaki wajen 1860, sukan shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, don kada ruwa ya ci shi. Majema suna jeme fata da bagaruwa, dukawa su rina ta ja da karan dafi. Malamai suna haɗa tawada da baƙin wuta da ƙaro.

Aikin marina ya fi ban mamaki. Ganyen baba kore ne, ba a ganin shuɗi a jikinsa. Sai an tsima shi cikin ruwan toka ya ruɓa, sa'an nan sinadarin ya narke ya shiga zare. Da an ɗaga tufa daga karofi iska ta buge ta, sai ta juya shuɗiya a gaban idon mai kallo. Ana yin wannan har yau a marinar Ƙofar Mata ta Kano. Amma karofi da yawa a garuruwa sun cike da shara, kuma duk tsohon da ya rasu bai koya wa wani ba, ya tafi da ma'auninsa.

MASU ZANE NA ZAMANI

A 1958 waɗansu ɗalibai a kwalejin Zariya wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Yusuf Grillo, da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar masu zane. Ra'ayinsu shi ne a haɗa ilmin da aka koyo daga Turai da fasahar gida.

A Bamako ta ƙasar Mali an kai wannan ra'ayi har ga kayan aiki. A 1978 waɗansu matasa da suka yi karatun zane suka kafa ƙungiyar Bogolan Kasobane, suka bar fentin kanti, suka koma ga rinin laka da matan ƙauyukansu suka gada. Akan jiƙa farin saƙi cikin ruwan ganyen itacen da Hausawa ke kira marke, ya bushe, sa'an nan a yi zane a kansa da lakar da aka tsima. Ganyen marke yana da sinadarin bauri, laka kuwa tana da ƙarfe. Inda biyun suka gamu sai baƙi ya fito, wanda ba ya fita ko an wanke lakar. An nuna ayyukansu a ƙasashe da dama. Marke da bagaruwa da laka duk akwai su a ƙasar Bauchi.

YADDA AKE HAƊAWA

1. A jiƙa ƙasar cikin bokiti, a dama, a bari yashi da tsakuwa su kwanta. A tsiyaye ruwan sama mai launi cikin wani mazubi, a bar shi ya kwana. Lallausar lakar da ta kwanta ita ce abin nema. A shanya ta, a niƙa.

2. Garin launi ba ya kama takarda shi kaɗai, sai da abin ɗauri. Ruwan ƙaro yana ba da fentin ruwa. Ɗigon zuma yana hana shi tsagewa. Gwaiduwar ƙwai tana ba da fenti mai saurin bushewa, irin wanda masu zanen Italiya suka yi aiki da shi kafin fentin mai ya yaɗu.

3. Kada a kwaɓa da man gyaɗa ko man ja, domin ba sa ƙandarewa. Zanen zai zauna da danƙo, ya kwashi ƙura.

4. A yi hattara da launin furanni. Ruwan zoɓo ja ne mai kyau, ruwan lemun tsami yana ƙara masa haske, kanwa kuma ta juya shi kore-kore. Amma rana tana cinye shi. Ba duk abin da ya yi kyau yau ne zai kai baɗi ba.

5. Baƙin bagaruwa da ƙarfe, idan ƙarfen ya yi yawa, yakan ci takarda a hankali. A auna, kada a yi da ka.

6. A gwada kowane launi kafin a sayar da zane. A shafa shi a takarda, a rufe rabi, a ajiye a taga inda rana ke bugu har wata biyu, sa'an nan a kwatanta. A rubuta inda aka ɗebo ƙasar, da ma'auni, da sakamako. Wannan littafi shi ne zai hana ilmin mutuwa da mai shi.

GARGAƊI

Ba kowane abin da ya fito daga ƙasa ne ba shi da illa ba. A 2010 an gano cewa yara fiye da 400 sun rasu a ƙauyukan Jihar Zamfara saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Dutsen tozali ma yakan ƙunshi dalma, haka cikin batirin mota. Saboda haka kada a niƙa dutsen da ba a san shi ba. A kai wa masana a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko wata makarantar kimiyya su duba. A yi niƙa da ruwa don kada ƙura ta tashi, kada a yi shi a turmin abinci, kada kuma a lashi buroshi.

Har ila yau, laifi ne a kankare ko a yi rubutu a kan zanen duwatsun tarihi. Jar ƙasa ba ta ƙare a daji ba, amma hoton Geji idan ya goge ba mai mayar da shi.

A ƙarshe, ana roƙon malaman zane da na kimiyya su haɗa kai, su kai ɗalibai wurin marina da dukawa da magina tun suna raye, su tambaya, su auna, su rubuta. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa a amfana, amin.