Wu Yi: Kallabi Tsakanin Rawuna



Matar da zan yi magana a kanta yau ba ta gaji mulki ba, ba kuma ta aure shi ba, domin ba ta taɓa yin aure ba. An haifi Wu Yi a birnin Wuhan na ƙasar Sin a 1938. Ta karanta ilimin tace man fetur a Beijing, ta gama a 1962, aka tura ta matatar mai ta Lanzhou, can arewa maso yammacin ƙasar. Shekara 26 ta yi a harkar mai, mafi yawansu cikin hayaƙi da ƙarar injuna, har ta kai mataimakiyar manaja a kamfanin Yanshan. Sai a 1988, tana dab da shekara 50, ta zama mataimakiyar magajin garin Beijing. Ina so ɗalibanmu su riƙe wannan lissafi, saboda duk abin da ta yi daga baya a kan waɗannan shekaru ya tsaya.

A 1991 aka kai ta ma'aikatar cinikin waje, a 1993 ta zama minista. Lokacin Amurka na zargin Sin da satar fasaha da kwafar faya-fayai, tana barazanar lafta mata haraji. Wu Yi ce ta zauna da wakilan Amurka, ciki har da Charlene Barshefsky, aka yi ta ja-in-ja har aka ƙulla yarjejeniya a 1995. Tana cikin waɗanda suka share wa Sin hanyar shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disamban 2001.

Amma inda nake so mu daɗe shi ne 2003. Cutar numfashi ta SARS ta ɓulla a lardin Guangdong, ta isa Beijing, jami'ai suka yi ta rufa-rufa. Ana cewa mutum 37 ne suka kamu a babban birnin, alhali asibitoci sun cika. Wani tsohon likitan soja, Jiang Yanyong, ya fasa ƙwai. Ranar 20 ga Afrilu gwamnati ta amsa cewa adadin ya haura 300, aka sauke ministan lafiya Zhang Wenkang da magajin garin Beijing. Wa aka kira? Wu Yi, wadda wata guda kacal ta yi a kujerar mataimakiyar firaminista. Ba likita ba ce, amma wanda ya yi aiki a matata ya san ba a yi wa wuta ƙarya: bututun da ke yoyo, ko ka faɗa ko ya tashi da kai. Ta matsa wa larduna su riƙa bayyana alƙaluma, aka killace masu cutar, aka gina asibitin Xiaotangshan mai gado 1,000 cikin mako guda. Kafin ƙarshen Yuni, Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire Beijing daga jerin wuraren da cutar ke yaɗuwa.

A ƙarshen wannan shekara ta je lardin Henan ta gana da Dokta Gao Yaojie, tsohuwar likitar da jami'an lardin suka daɗe suna tsangwama don ta tona yadda sayar da jini ya yaɗa ƙanjamau a ƙauyuka. Wannan zama ya fi burge ni fiye da matsayi na biyu da mujallar Forbes ta ba ta sau uku a jerin matan duniya masu ƙarfin faɗa-a-ji.

Ba ina wanke tsarin da ta yi wa aiki ba ne. Jam'iyyar Kwaminis da ta ɗaga ta ita ce ta yi ɓoyon tun farko, kuma Wu Yi 'yar jam'iyya ce ta gani-kashe-ni. Sai dai ku dubi yadda ta tafi. A Maris ɗin 2008 ta yi ritaya, ta kuma sanar tun kafin lokacin cewa ba za ta karɓi wani muƙami ba, na gwamnati ko na ƙungiya, ko da na girmamawa ne. Ta cika alkawari, aka daina jin ɗuriyarta.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Duk sanda gobara ta tashi, ita ake miƙa wa guga: rikicin ciniki, annoba, badaƙalar gurɓatattun kayayyaki ta 2007. Amma ɗakin ƙoli, wato zaunannen kwamitin ofishin siyasa na jam'iyya, ba a buɗe mata ba. Liu Yandong da Sun Chunlan sun biyo sawunta har kujerar mataimakiyar firaminista, su ma a bakin ƙofar suka tsaya. Tun kafuwar Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949 mace ba ta taɓa shiga wannan ɗaki ba. A babban taron jam'iyya na 2022 aka zaɓi mutum 24 a ofishin siyasa, kuma babu mace ko ɗaya a cikinsu.