Marurun Da Ba Ya Zafi: Jawabin Kwamitin Lafiya



Yau mun zo ne da zancen wata cuta wadda ba kasafai ake ganinta ba, amma gidan da ta shiga ya san ta shiga. Likitoci na kiranta cutar Ayuba. A 1966 ne wasu likitoci a Amurka suka ga 'yan mata biyu da maruru ya ƙi rabuwa da su, sai suka tuna da jarrabawar Annabi Ayuba, alaihissalam, suka sa mata wannan suna. A 1972 kuma Dokta Rebecca Buckley ta gano jinin irin waɗannan yara cike yake da wani sinadarin garkuwar jiki mai suna IgE. Ga sinadari ya yi yawa, amma garkuwar ba ta tare komai.

To, yaya za mu gane ta? Tun jariri bai yi arba'in ba ƙuraje masu ƙaiƙayi ke feso masa. Sannan maruru, wannan ya fashe wancan ya fito. Abin lura, jama'a, marurun nan ya kan cika da mugunya amma in ka taɓa ba zafi, ba ja. Shi ya sa ake raina shi, a kira wanzami ya yi sakiya, ko a aika kemis. Alhali ciwon huhu na nan yana dawowa, har ya bar rami a huhun. Wani yaron ya wuce lokacin famfara haƙoransa na fari ba su zuba ba, wani kuwa ɗan tuntuɓe kaɗan sai karaya.

Wallahi abin da ya fi damunmu shi ne yadda ake ɗora wa uwa laifi, wai ƙazanta ce, ko a ce kishiya ta yi sammu. Gado ne. A 2007 aka gano ƙwayar halitta STAT3, wadda daga uwa ko uba kaɗai ta isa, wani lokaci ma a jikin yaron take farawa. A 2009 aka gano DOCK8, ita sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita, don haka ta fi fitowa a auren zumunci. Mu nan da muke komawa gida neman 'yar kawu, wannan ya shafe mu. Ba mu ce a bari ba, amma gidan da aka yi ta rasa yara da irin wannan ciwo, a nemi shawarar likita kafin a kai goro.

Kada kuma a firgita don gwaji ya nuna IgE ya hau, tsutsar ciki ma tana hau da shi. Likita ne zai bambance. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na kullum da kula da fata suna taimakawa ƙwarai, mai DOCK8 kuwa dashen ɓargo na iya warkar da shi.

Mai irin wannan yaro ya kai shi UCH nan Ibadan, ya riƙe duk tsofaffin katunan asibiti. Wanda Turanci ko Yarbanci zai ba shi wuya ya same mu bayan taro, za mu haɗa shi da ɗan rakiya. Wassalamu alaikum.